Awon Jinin Malama Bara'atu

Litinin, 4 ga Agusta, da hantsi

178 bisa 104.

Sista Grace ta asibitinmu na nan Wara ce ta ce in riƙa rubuta lambar duk ranar da anka auna ni, da abin da na ci, da lokacin da kai ya fara ciwo, da abin da nake tunani sa'ilin da ya fara. Na ce mata ukun farko ba wuya. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malama Bara'atu, shekara ashirin da shida kina ba ɗiyan mutane aikin gida. Yau ke za ki yi."

Abin da na ci: kunu, rabin kofi. Kai ya fara tun asuba, daga ƙeya, ya hau ya zauna bayan idon dama kamar an kafa ƙusa. Abin da nake tunani: ba komi.

Da makaranta na buɗe, da na samu abin yi. Hutun nan ya zo mini a mugun lokaci.

Yau kwana tara.

Talata, 5 ga Agusta, bayan la'asar

172 bisa 102.

Bayan ta ba ni ƙwayoyin, Sista ta rufe ƙofa ta ce in zauna in jingina baya, ƙafafu a ƙasa, hannu ɗaya bisa ciki. In ja iska ta hanci ina ƙirga huɗu, har in ji ciki ya ɗaga hannun. In riƙe kaɗan. In sake ta ta baki sannu sannu ina ƙirga shida, kamar mai hura koko mai zafi.

Na ja. Da ta ce "riƙe", sai ƙirjina ya ƙulle. Ban san lokacin da na miƙe ba, har kujera ta faɗi. Na ce ba zan iya riƙe numfashi ba, kar ta sake ce mini in riƙe.

Ba ta tambaye ni dalili ba. A farfajiyar asibitin nan anka jera su ranar Asabar ɗin da jirgin ɗana ya kife, mutum bakwai, kuma ita ta rufe su da zannuwa. Ta ɗaga kujerar ta ce, "To mun cire riƙewa. Huɗu ciki, shida waje, shi ke nan. Minti goma da safe, minti goma da yamma."

Na ce, "Sista, iska ce za ta sauke jini?"

Ta ce, "Magani ne zai sauke shi, kar ki kuskura ki bari. Amma jikinki a tsaye yake kamar wanda ake kora. Wannan shi zai gaya masa ya zauna." Ta ce in rage gishiri da magi, in ƙara daddawa. In na ga hazo a ido, ko harshe ya yi nauyi, ko hannu ya mutu, in zo ko da gudu.

Laraba, 6 ga Agusta, da safe

Na yi na minti goma. Na ƙirga huɗu, na ƙirga shida, sai na samu kaina ina ƙirga bakwai.

Jumu'a, 8 ga Agusta, da azahar

168 bisa 100. Tuwon shinkafa, loma uku.

Zulai'atu, matar ɗana, ta ce daddawa ta kusa ƙarewa, ko ta leƙa gidan Rebecca. Ta faɗa da mantuwa. Tana rufe baki ta sunkuyar da kai.

Katanga ɗaya ce tsakanina da Rebecca shekara talatin da ɗaya. Ita ke yin daddawar da duk layinmu ke ci. Ranar da na haihu ita ta dafa mini ruwan wanka. Da mijina Malam Tanimu ya rasu, mijinta Elijah na cikin waɗanda sunka haƙa kabari. Da sallah tuwona ke tsallakawa, da Kirsimeti shinkafarta. Tun da ta haifi Ruth ban koma kiranta da sunanta ba, Maman Ruth nake cewa.

Yanzu mi zan kira ta?

Na shiga gaisuwa sau ɗaya, rana ta biyu, cikin ayarin mata. Na zauna can baya wajen randa. Ba ta ɗaga kai ba, ni ma ban ɗaga ba. Tun ranar ban koma ba. Matan cocinsu kan zo da yamma su yi waƙa a hankali. Ina jin su ta katanga. Da sun fara, kai ke farawa.

Ruth na cikin bakwai ɗin, shekararta goma sha tara. Ni na koya mata baƙaƙe. Da wata mai zuwa za ta fara makarantar jinya.

Abin da nake tunani: na ce ba komi.

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan la'asar

Jiya Sista ta ƙara mini wani. In kwanta rigingine bisa tabarma, in fara daga yatsun ƙafa: in matse su da ƙarfi, in ƙirga biyar, in saki. Sai sha-raɓa, sai cinya, sai hannuwa, sai kafaɗu in ɗaga su har kunne in sake su, sai fuska in yamutsa ta kamar na sha tsamiya. Ta ce mutum ba ya sanin ya ɗaure jikinsa sai ya ɗaure da gangan ya kwance.

Gaskiyarta. Da na zo kan muƙamuƙi na gane haƙorana a cije suke. Ban san tun yaushe ba. Da na saki, har kunnena ya yi ƙara. Zulai'atu ta jiƙa tsumma da ruwan randa ta ɗora mini a ƙeya. Ciwon ya ja baya kamar taku biyu. Bai tafi ba, amma ya ja.

Sai na ji haushin kaina. Ina kwance ina lallaɓa kafaɗu, uwaye bakwai na can.

Talata, 12 ga Agusta, da magariba

Ban je awo ba. Mun je Yelwa inda ake tsare da ɗana.

Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa da bakina ba. Baban Asma'u nake cewa. Amma takarda ba ta da kunya, bari in rubuta sau ɗaya: Zaharaddeen.

Ya rame. Raunin da ƙarfen inji ya yi masa a goshi ya fara bushewa. An ce mutum goma sha ɗaya ya fitar daga ruwa da hannunsa, yana nutsewa yana dawowa har jini ya fito masa ta hanci. Ba wanda ke faɗin wannan a gari. Abin da ake faɗi shi ne ya cika jirgi fiye da ƙima, ga ruwa ya cika, ga iska, ga kututturan da ke ɓoye a tafkin nan tun zamanin da anka yi dam.

Ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce, "Inna, an ce jininki ya hau."

Na ce, "Wa ya gaya maka? Lafiyata lau."

Ya ce masu bincike sun tambaye shi sau uku wa ya sa shi ƙara mutane bayan ɗan kamasho ya ce jirgi ya cika. Ya ce musu shi ne direba, shi ya ga dama.

Na buɗe baki. Ya ce, "Inna." Haka kawai. Ya dube ni irin duban ubansa, ya girgiza kai kaɗan, don Zulai'atu na tsaye. Sai ya koma tambayar ko Asma'u ta daina tari.

Za a zauna kan maganarsu ranar 27.

A mota na gwada huɗu da shida. Ban kai ko sau uku ba.

Alhamis, 14 ga Agusta, da la'asar

194 bisa 112.

Yau na ga hazon. Ina shara sai tsakar gida ta rabu biyu, na yi amai a gindin zogale. A babur anka kai ni. Na yini a gadon asibiti.

Sista ta ƙirga ƙwayoyin da ke cikin leda ta ce, "Kwana nawa ba ki sha ba?"

Na ce uku.

"Mantuwa?"

Na ce ai ina yin numfashin.

Ta ce, "Malama, kar ki raina mini hankali. Na gaya miki tun farko, wancan taimako ne, ba madadi ba." Ta ja kujera ta zauna kusa. Ta rage murya. "Ko dai hukunta kanki kike yi?"

Na juya fuska bango.

Ta ce, "Shanyewar ɓarin jiki ba ta dawo da kowa. Sai dai ta ƙara wa yarinyar can da ke waje tana kuka wani kaya. Miji a tsare, suruka a kwance. Kina so?"

Na ce a'a.

Ta buɗe littafin nan ta duba lambobin kawai, ta kai yatsa kan inda na rubuta "ba komi". Ta rufe ta miƙo mini.

Asabar, 16 ga Agusta, da hantsi

Asabar. Ina jin ƙarar injuna daga bakin ruwa. Na sha magani. Na rufe taga.

Litinin, 18 ga Agusta, da safe

160 bisa 98.

An ce in riƙa tafiyar ƙasa da sanyin safiya. Na bi ta bayan makaranta don kar in ga ruwa, amma a garin nan duk inda ka bi sai ka gan shi. Ya cika har ya shanye gonakin shinkafar da ke gangare.

Wajen masu ƙona kifi na ji wata ta ce wa 'yar'uwarta, "Ga uwar mai jirgin nan, har ta fara yawo." Ba ta ɓoye murya ba. Na san ta, ƙanenta na cikin bakwai ɗin. Ba ta yi ƙarya ba.

Nan take ƙeya ta ɗauka, zuciya na dukan haƙarƙari. Na lallaɓa gindin wata ɗorawa na zauna bisa saiwa. Hannu a ciki. Huɗu, shida. Na farkon duk a ƙirji sunka tsaya. Na sauke kafaɗu, na raba haƙora. Wajen na goma sha biyar na ji iskar ta kai ƙasa. Na ci gaba har na daina jin bugun a kunne.

Na tashi da ƙafata na koma gida. Da makon jiya ne, ɗauko ni za a yi.

Abin da na lura: in jiki ya lafa, abin da nake gudu ya fi fitowa sarai. Da ciwon kan ke rufe shi. Ban sani ba ko wannan sauƙi ne.

Talata, 19 ga Agusta, da azahar

Na ji muryar Rebecca ta katanga, karon farko. Tana cewa a rufe mata ƙofa, haske na sara mata kai.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan sallar asuba

Na yi na minti goma. Bari in rubuta kafin rana ta fito in fasa.

Ranar Asabar ɗin na je bakin ruwa kai wa ɗana abin kari. Jirgi ya cika, ɗan kamasho ya ce a tashi. Sai ga Ruth da gudu da kwandon daddawar uwarta za ta kasuwar tsallake. Ya ce mata, "Yi haƙuri ƙanwata, ki jira na biyu." Ta juyo wurina ta ce, "Inna Malama, na biyu sai azahar, kasuwa ta watse. Ki sa baki."

Na ce masa, "Ɗauke ta."

Ya ce, "Inna, jirgi ya cika, kuma dubi gabas."

Na ce, a gaban mutane, "Wannan 'yar firit ɗin ce za ta nutsar da kai? Ɗiyata ce. Ko ni ma sai na roƙe ka?"

Bai taɓa musa mini a gaban jama'a ba. Ya miƙa mata hannu ta hau. Da mutane huɗu da ke tsaye da buhuna sunka ga haka, sunka ce ai ba a yi wa wani a hana wani. Yana cewa a'a suna hawa. Ruth ta ɗago mini hannu tana dariya.

Na koma gida na ɗora tukunya. Ko tafasa ba ta yi ba.

Ga shi nan. Abin da nake tunani ke nan, kullum, tun daga asuba.

Jumu'a, 22 ga Agusta, da hantsi

156 bisa 96. Kai na ciwo, amma a gefe ɗaya.

Na gaya wa Zulai'atu. Ta ce ta sani, mijinta ya gaya mata tun a asibiti ya sa ta rantse. Kwana ashirin da bakwai tana dafa mini abinci tana wanke mini kaya da wannan a cikinta. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Inna, ni dai ki sha maganinki."

Lahadi, 24 ga Agusta, bayan la'asar

Na jira matan coci sunka watse. Na tsaya a ƙofar gidan Rebecca na yi huɗu da shida sau goma, sannan na yi sallama. Elijah na zaune a zaure yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Ya amsa, ya dube ni jim, ya ce, "Tana ciki, Malama."

Ɗakin duhu. Ta ɗaure kai da ɗankwali tamau har ya shiga fata. Ta zama rabin kanta.

Na zauna a ƙasa. Na rasa sunan da zan kira, sai na ce, "Ni ce."

Ta ce, "Na san tafiyarki."

Na faɗa mata duka, yadda na rubuta, ban rage ba. Ina yi ina jiran ta yi ihu ko ta ce in fita. Har na gama ba ta motsa ba.

Can ta ce, "Kin gama?"

Na ce na gama.

Ta ce, "Wa kike tsammani ya ce ta same ki? Da safen nan ta ce mini, Mama, na makara, bari in bari sai wani mako. Na ce ba ki isa ba, daddawa za ta lalace. Na ce ki ruga, in ya ce ya cika, Malama na can, ba ya ƙetare maganarta." "Ni na koya mata abin da za ta ce miki."

Ban san tsawon lokacin da munka ɗauka ba. Ba mu rungumi juna ba. Kowa ta yi kukanta a inda take zaune.

Da na tashi tafiya ta ce, "Ban ce na daina jin zafinki ba. In na ji muryarki ta katanga, nata nake ji tana cewa Inna Malama. Kar ki riƙa zuwa kullum."

Na ce to.

Na ce, "An auna jininki?"

Ta ce, "A auna a ga mi?"

Litinin, 25 ga Agusta, da safe

150 bisa 94. Na gaya wa Sista akwai mai ciwon kai a gidan Elijah da ba za ta kawo kanta ba. Ta sa abin awo a jaka.

Laraba, 27 ga Agusta, da magariba

Na sha magani tun asuba. A tasha na tarar da Rebecca da Elijah cikin motar Yelwa. Ban san za su ba.

Ɗakin ya cika da dangin mutum bakwai. Da anka tambaya ko akwai mai ƙarin bayani, na miƙe. Baban Asma'u ya juyo daga inda yake zaune ya ce, "Inna, don Allah zauna." Na ce, "Na ji maganarka kwana talatin da biyu. Yau ka ji tawa." Na dafa benci, na saki iska a hankali har sau biyu, sannan na faɗa. Wani daga baya ya yi tsaki. Wata ta ce Allah ya isa. Na ƙarasa.

Ina zama Rebecca ta miƙe. Ta ce ita ce uwar Ruth, ta faɗi nata. Ta ce yaron nan sau biyu yana cewa a'a, kuma shi ya fito mata da gawar ɗiyarta da hannunsa, ba a bar ta cikin ruwa ba.

Mai shugabantar zaman ya ce duk da haka direba shi ke da jirgi, kuma magana ba ta ƙare ba. An ɗage zuwa wata mai zuwa. Sun ce za a duba yiwuwar ba da shi beli. Ban san abin da zai biyo baya ba. Da za a fita da shi bai dube ni ba. Ko fushi ne ko kuka yake ɓoyewa, ban sani ba.

A dawowa anka haɗa mu kujera ɗaya da ita, Elijah na gaba. Mun wuce Birnin Yauri sai na ga ta dafe goshi da hannu biyu, idonta a rufe. Sista ta ba ta ƙwayoyi shekaranjiya, lambarta ta fi tawa.

Ba ta buɗe ido ba ta ce, "Abin nan da Grace ta ce a riƙa yi. Nawa ake ƙirgawa?"

Na ce, "Huɗu ciki, ta hanci. Shida waje."

Ta gwada. Ta tsaya a hanya, ta yi tari. Ta ce, "Ba na kaiwa huɗu."

Na ce, "Yi uku. Sauke kafaɗunki. Ni zan ƙirga."

Na ƙirga mata a hankali, yadda direba ba zai ji ba, har munka shigo Wara.